Miƙar da Na Laƙa wa Kakata

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Riyad waɗanda tuni sun bi iska. Amma ranar da na tsaya da ƙafa ɗaya a gaban mata cike da ɗakin taro, ina shirga ƙarya a kan kakata da ta daɗe da kwanta dama, wannan kam ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin zan manta da ita. Yanzu in na tuna dariya nake yi har da hawaye. A ranar kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni dai ba mai yawan magana ba ce, kuma karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na yaye ɗana na uku na iya rubuta sunana. Don haka ku yi haƙuri da ni, yadda abin ya faru haka zan kawo muku shi.

Maigidana yana aiki a babbar kasuwar kayan gwari ta Aziziya, mu kuma muna zaune a unguwar Jaradiya, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ƙofarmu tana kallon ta wata Ba'indiya, mijinta yana aiki a kantin magani. Yarana suna ce mata Anti, ni ma sai na bi bakinsu. Ita kuma Hajiya take ce mini. Shekara biyu muna maƙwabtaka, gaisuwarmu ba ta wuce ta kan matakala ba, don Larabcina na cefane ne, nata ma haka. In mun haɗu mu yi wa juna murmushi, kowacce ta shige ɗakinta.

Sai mahaifiyata ta rasu can gida ƙasarmu. Lokacin iƙamata, wato takardar zamana, tana wurin sabuntawa, babu halin tafiya. Aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ni ina nan ina kallon bango. Matanmu Hausawa sun zo ta'aziyya, Allah ya saka musu da alheri, amma yini ɗaya ne, don kowacce da nisan unguwarta, kuma sai mijinta ya samu sararin kawo ta. Da suka watse gidan ya yi tsit.

Daga nan ƙirjina ya fara ɗaurewa kamar an kifa mini turmi. In ɗora tukunya in manta da ita. In tayar da sallah in rasa a raka'a ta nawa nake. Aka kai ni asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce jikina ƙalau, sai dai in ga likitar damuwa. Likitar yarinya ce mai kirki. Ta ɗauko takarda tana karanta tambayoyi, babbar 'yata tana fassara mini, ita da Larabci ya fi Hausa zama a bakinta.

"Mama, wai baƙin cikinki, daga ɗaya zuwa goma, nawa ne?"

"Ki ce mata uwata ce ta mutu. Ban san lambarsa ba."

"Wai kuma me kike yi ke kaɗai don jin daɗin kanki?"

"Ni kaɗai? Ki ce mata a garinmu wanda aka gani shi kaɗai, shi ake tambaya ko lafiya."

Likitar ta yi dariya, ni ma na ɗan murmusa. Ban raina ta ba. Maganin da ta ba ni ya dawo mini da barci, kuma har gobe ina gaya wa mata kada su guji asibiti. Sai dai turmin nan bai sauka ba.

Ashe Anti ta tare 'yata a matakala ta tambaye ta, in an yi wa mutanenku mutuwa me ake yi musu? Yarinyar ta ce zama ake yi, mutane su yi ta zuwa suna cewa ya haƙuri. Washegari da hantsi, maza sun fita, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Anti da 'yar tabarmarta a hammata. Ta cire takalmi, ta shimfiɗa, ta zauna, ta dube ni ta ce da Hausa, "Ya haƙuri, Hajiya?"

Na tsaya sororo. Sai ta ƙara da Larabcinta na cefane, "Wannan al'adar mutanenku ce, 'yarki ta koya mini. Na yi daidai?"

Na buɗe baki in ce da godiya, sai kuka ya riga maganar fitowa.

Kwana bakwai tana zuwa. Ba ta taɓa ce mini in daina kuka ba. Ta zauna, ta taya ni tsintar wake, in azahar ta kawo jiki ta naɗe tabarmarta. Kuma kullum kafin ta fita sai ta tambaya ko ta yi daidai.

A rana ta bakwai abin ya taso mini a gabanta. Numfashina ya tsaya a maƙogwaro, ina ta haki kamar wadda ta yi gudu. Ta kama hannuna ta ɗora a kan cikina, ta ɗaga nata hannun a gaban idona, tana buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, in ja iska. Ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya, in sake ta. "Shuwai-shuwai, Hajiya," take cewa, wato a hankali. Kafin mu yi sau goma, turmin ya ɗan ɗaga. Na ce mata wannan mene ne? Ta ce yoga, ɗan ƙanƙanin ɓangare daga cikinta.

Gabana ya faɗi, don na taɓa jin an ce bauta ce. Ta karanci fuskata, ta yi dariya. Ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da a wurina ibada ne a ciki. Wannan nawa ne ni kaɗai, ba zan ba ki ba, ke ma ba za ki roƙa ba. Numfashi kuwa kowa da nasa ya zo duniya." Na gaya wa maigida, shi kuma ya tambayi wani ɗalibin ilimi da suke sallah a masallaci ɗaya. Ya dawo ya ce in dai babu kiran wani abu, babu rusuna wa wani abu, motsa jiki ne, in yi. Ni kuwa in na ja numfashin sai in cika shi da hailala.

Haka muka ɗora. Kullum da hantsi in tsallaka ɗakinta. Ta koya mini miƙe baya, da tsayawa da ƙafa ɗaya, da kwanciyar da ake sakin jiki gaba ɗaya. Ina da wani littafin rubutu da nake ji da shi tun na makarantar yaƙi da jahilci. A shafi guda na rubuta sunayen kamar yadda take faɗarsu, da baƙaƙen Hausa: birikshasana, shabasana, da sauransu masu harɗe harshe. A saman shafin ta sa na rubuta cewa ita daga mahaifiyarta ta koya, mahaifiyar kuma daga wani tsoho a ƙauyensu.

Wata rana muna shan shayi ta ba ni labari. Ta ce ta taɓa zuwa wani wurin motsa jiki na mata a unguwar Ulaya neman aikin koyar da yoga. Suka ce ina takardar shaidarta? Ta ce tun tana shekara shida take yi. Matar da ta yi mata tambayoyin Baturiya ce da ta koya a 'yan makonni, ko sunayen ba ta iya faɗa daidai ba. Baturiyar ta ce matan da ke zuwa wurinsu yogar zamani suke so, amma in tana so akwai aikin ninke tawul. Anti tana ba ni labarin tana dariya, amma idonta bai yi dariyar ba. Ta ce, "Suna son abin, Hajiya. Masu abin ne ba sa so." Na yi tsaki na ce Allah wadai. Ku riƙe wannan tsakin nawa, za mu dawo kansa.

Bayan wata uku na koma taron matanmu da muke yi duk Talata a gidan shugabarmu, wadda muke kira Hajiya Babba. Ina shiga aka yi caa. "Kai, ke kuwa wane magani kika sha? Kin yi fes!" Wata da ciwon baya ya hana ta ruku'u da kyau ta ce in taimaka mata. Na sa ta durƙusa, na nuna mata yadda ake lanƙwasa baya da sakinsa. Ta miƙe tana salati, wai ta ji wani abu ya yi ƙas ya koma wurinsa. Sai Hajiya Babba ta sauke tabarau ta ce, "Tsaya tukuna. Ba dai irin abin nan na Indiyawa masu gaida rana ba ne ko?"

Ido ya dawo kaina. Ni kuwa tun ina yarinya ba na son a zuba mini ido. Ban san lokacin da bakina ya ce, "A'a, Hajiya. Kakata ce ta koya mini."

Shi ke nan fa. Kalma shida ko bakwai. Hajiya Babba ta mayar da tabarau ta ce, "To, alhamdu lillahi. Abin namu ne. Ku matsar da kujerun nan."

Da na koma gida na ɗauko littafina, na daɗe ina kallon shafin nan, sannan na yage shi. Na buɗe sabo na raɗa musu sunaye. Tsayawa da ƙafa ɗaya ta zama tsayuwar zalɓe. Lanƙwasa baya ta zama miƙar kyanwa. Sakin jiki a ƙasa kuwa na sa masa kwanciyar bayan tuwo, kuma ita ce matan suka fi so, don akwai wadda har minshari take yi. Gaba ɗaya abin suka sa masa suna Miƙar Kaka.

Abin da ban sani ba shi ne ƙarya in ta samu masu so, haihuwa take yi. Ba a yi wata biyu ba wata ta ce yanzu ta tuna, ita ma kakarta tana wannan miƙar bayan ta gama daka. Wata 'yar Damagaram ta ce ai asalin abin nasu ne, mutanen Najeriya ɗauka suka yi. 'Yar Katsina ta ce sam. Har cacar baki aka yi a kan garin da ya fara tsayuwar zalɓe, ni ina zaune ina gumi a ƙarƙashin na'urar sanyi. Da safe kuma in tsallaka ɗakin Anti in koyo sabo. Ta taɓa tambayata ina nake zuwa duk Talata da tabarma. Na ce karatu.

Sai Allah ya kawo wata yarinya 'yar Kano, tana babban karatu a jami'a kan halayyar ɗan Adam. Ba ta gama ba, amma Dakta muke ce mata. Ta zo Talata ɗaya ta ga mata kwance a ƙasa, daga baya ana hira, wannan tana faɗin kewar 'ya'yanta da ke gida, waccan tana kuka ana ba ta baki. Dakta ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa.

"Mama, kin san abin da kike yi kuwa? An daɗe ana auna zuciyarmu da ma'aunin Turawa. Littattafan da nake karantawa ba su san zaman makoki ba, ba su san hirar tsakar gida ba. A ce wa mace ta ba baƙin cikinta lamba! Ga namu nan a hannunki, gadon kakanninmu, babu wanda ya rubuta."

Maganar lamba ta taɓa ni, don gaskiya ta faɗa. Shi ya sa na kasa ce mata rabin maganarta ce gaskiya. Ta yi ta zuwa tana tambayata labarin kakata, ni kuma ina ƙara gishiri. Wai da asuba take yi, a bayan rumbu. Allah ya jiƙan kakata, matar da in ta zauna sai an ba ta hannu take tashi.

Daga nan Dakta ta shirya taro. Ta samu aron wani ɗaki a Ulaya, ranar Asabar bayan la'asar, ta gayyato mata 'yan Najeriya da 'yan Nijar, da malamanta mata biyu Larabawa, a zo a ga maganin damuwa na gargajiyar Hausa. Sau uku ina niyyar kiranta in faɗa mata gaskiya. Sau uku ina ajiye wayar, in ce bari a wuce wannan tukuna.

Ita kuwa 'yata, da yake Talata tana makaranta, ba ta san komai game da kaka ba. Abin da ta tsinta kawai shi ne za a karrama Mama a kan motsa jikin nan. Sai ta ga ai babu wanda ya fi cancanta ya zo irin wadda ta koyar da shi. Ta gayyaci Anti a ɓoye, wai don ta ba ni mamaki. Ta kuwa ba ni.

Ɗakin taron a can saman wani dogon bene yake, duk gilashi, kana hango motoci a ƙasa kamar ƙwari. An shimfiɗa mini darduma a gaba. Dakta ta riƙe lasifika tana bayani tiryan-tiryan: yadda matan Hausa suka gaji wannan ilimi uwa da 'ya, yadda zuwan Turawa ya sa muka raina namu. Ta kira Hajiya Babba ta ba da shaida. Hajiya Babba ta gyara mayafi ta ce ita da idonta ta ga kakarta tana tsayuwar zalɓe. Aka yi tafi. Aka ce in taso.

Na tashi, na ɗaga ƙafar hagu na ɗora a cinyar dama, na buɗe baki na ce, "Kakata takan ce..."

Sai na hango su a bakin ƙofa. 'Yata, da Anti cikin abayarta, ta rungumo kwanon alewar madara da ta yi da hannunta don a raba wa mutane. 'Yata ta sunkuya tana fassara mata a kunne. Ina kallo yarinyar ta fara da fara'a, sai bakinta ya rage sauri, sai ta tsaya cak ta ɗago ta dube ni. Anti ta taɓa ta, alamar ta ci gaba. Ta ci gaba. Na ga fuskar Anti ta koma irin ta ranar da ta ba ni labarin tawul, sai dai yau ko dariyar babu.

Nan take turmin nan da ya yi wata da watanni bai ziyarce ni ba ya dawo ya kifu a ƙirjina. Numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Ƙafata ɗaya tana rawa, ɗakin yana juyawa, mata suna jira su ji abin da kaka takan ce. Na tabbata faɗuwa zan yi.

Sai na ga Anti ta miƙa wa 'yata kwanon. Ta ɗaga hannunta sama da kawunan mutane, ta fara buɗe yatsu. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Leɓenta yana motsi, na san abin da take cewa ko ban ji ba. Shuwai-shuwai, Hajiya.

Jama'a, matar nan ta ji da kunnenta na sace abin uwarta na laƙa wa kakata. Kuma ga ta tana taya ni numfashi don kada in faɗi a gaban mutane. Da zagina ta yi, wataƙila da na daure na ƙarasa ƙaryata. Wannan kuwa ban iya ba.

Na bi yatsunta har numfashina ya dawo. Na sauke ƙafata. Na karɓi lasifikar daga hannun Dakta, ni da ko a gidan biki ba na ɗaga murya.

Na ce, "Ku yafe mini. Kakata ba ta taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya ba, sai dai in ƙaya ta taka. Wannan abin sunansa yoga. Ga wadda ta koya mini can a bakin ƙofa. Ita daga mahaifiyarta ta koya. Tsoron bakinku ne ya sa na yi ƙarya."

Kowa ya waiga. Sai Hajiya Babba ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Wata takwas kina sa mu yogar Indiyawa?"

Mai ciwon baya ta ce, "To ni dai bayana ya warke, Hajiya. Ko ta Sinawa ce."

'Yar Katsina ta juya wurin 'yar Damagaram ta ce, "Ai kin ce naku ne. Sai ki riƙe."

Wata daga baya ta ce, "Hajiya Babba, ke da kika ga kakarki da idonki fa?"

Hajiya Babba ta ce, "Ai ban ce ita ce sak ba. Na ce ta yi kama."

Dariya ta ɓarke, amma ba kowa ya yi ba. Mata huɗu ko biyar suka ɗauki jakunkunansu suka fita, kuma ban ga laifinsu ba, don na hana su zaɓi, na ba su abu a rufe. Dakta ta zauna a kujera ta rufe fuska da takardunta, malamanta suna tambayar me ya faru. Da na kai bakin ƙofa, Anti ta tafi. Kwanon alewar kawai ta bari a hannun 'yata. A mota, da muka kusa gida, yarinyar ta ce mini da Hausarta mai tsami, "Mama, kin ba ni kunya da yare biyu."

Washegari da hantsi na ƙwanƙwasa ƙofar Anti. Shiru. Ina jin motsinta a ciki. Na koma. Na yi tunanin abin da zan kai mata, na ga ba ni da komai sai abin da ita ta taɓa kawo mini. Na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a bakin ƙofarta, a kan matakala, na zauna da farantin wake ina tsinta. Maƙwabta suna wucewa suna kallona. Da azahar ta kawo jiki na naɗe. Haka na yi kwana uku.

A rana ta huɗu ƙofar ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi waken. Na ce, "Ya haƙuri, Anti?"

Ta ce, "Waɗancan na Ulaya ba su san ni ba. Ke kin sha shayi a ɗakina. Kin yi tsaki da na ba ki labari."

Na ce, "Na yi."

"Me ya sa?"

Na ce mata tsoro ne. Na ji tsoron a ce na kawo wa mata bautar wasu, a daina gaishe ni. Ta ce ta san wannan tsoron, ita ma da shi take yawo a garin nan. Amma da na gaya mata, da ta zo da kanta ta yi musu bayani, wadda ta ga dama ta yi, wadda ba ta so ta bari. Sai ta ce, "Ina littafinki?"

Na kawo. Ta ga gurbin shafin da na yage, ta shafa shi da yatsa. Ta sa 'yata ta karanta mata sababbin sunayen tana fassarawa. Da aka zo kwanciyar bayan tuwo, aka yi mata bayanin tuwo, ta yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska har abin ya fi ƙarfinta. Ta ce mahaifiyarta da ta ji wannan da ta yi dariya har ta faɗi. Ta ce in bar sunayena, suna da daɗi, amma in rubuta na asalin a gaban kowanne, in kuma mayar da abin da ke saman shafin. Na zauna a ƙasan ɗakinta na rubuta, tana faɗa ina bi, harafi bayan harafi.

Talatar da ta biyo baya tare muka je. Hajiya Babba ta yi mata tambayoyi kamar alƙali, ta amsa ba ɓoye-ɓoye: wannan motsa jiki ne, wancan ibadarmu ce, ba zan kawo muku ba. Wasu matan ba su dawo ba har yau, muna gaisawa lafiya lau. Waɗanda suka zauna kuwa yanzu Anti ce take koya musu, kuma ta iya cewa "Hajiya, sauke kafaɗa" da Hausa. Har yau Miƙar Kaka suke ce wa abin, sai dai in baƙuwa ta tambaya kakar wa, sai su nuna Anti.

Dakta ta yi fushi da ni na ɗan lokaci, kuma da gaskiyarta, don sai da ta sake aikinta tun daga tushe. Daga baya ta zo ta ce in ba ta labarin yadda ya faru, ban da gishiri. Da na kai wurin kwana bakwai ɗin nan da Anti ta yi a ɗakina, ta ajiye biro. Ta ce, "Mama, ai ga namun nan. Zaman makoki. Na je ina nemansa a tsayuwar zalɓe, ashe Ba'indiya ce ta ɗauko shi ta kawo miki har ɗaki."

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan. Ni da Anti duk mun ɗauki abin da ba namu ba, kuma ɗaukar ba ita ce laifin ba. Ita da ta ɗauki namu, kullum sai ta ce na mutanenku ne, na yi daidai? Ni da na ɗauki nata, sai na yage shafin. Yanzu duk abin da na koya a hannun wani, ko yajin miya ne, in an yaba sai in faɗi mai shi. Kakata kuwa na bar ta ta huta. Ita ma tana da abin da ta koya mini na gaske, kunun tsamiya da haƙuri, kuma ba ta taɓa buƙatar in ɗaga mata ƙafa ba.